Kafin Ka Yi Tafi, Tambayi Yara Nawa Suka Iya Karatu Bana

Kun san abin da ke cika wayoyinmu duk lokacin da shekara ta zo ƙarshe, ko wani mai mulki ya cika kwana ɗari a ofis. Hotunan azuzuwa ne sun sha sabon fenti, bencina a jere ko ƙura babu, ga katan-katan na alli, ga babban mutum riƙe da almakashi zai yanke ƙyalle. A saman hoton an rubuta "gagarumar nasara a ɓangaren ilimi". Kafin ka ƙifta ido sojojin baka sun cika wurin sharhi. Waɗannan na cewa ba a taɓa yin kamarsa ba, waɗancan na cewa duk bogi ne, fentin ma ba zai kai damina ba. A kwana biyu ana musu, sai wani sabon zance ya taso, kowa ya watse.

A duk wannan hayaniya da wuya ka ga wanda ya yi tambaya mafi sauƙi: a farkon shekara me hukumar makarantun nan ta ce za ta cimma, kuma yanzu ina aka kwana? Akwai ma wadda ta fi ta nauyi: cikin yaran da suka gama aji biyu bana, nawa ne za a miƙa musu takarda su karanta layi uku ba tare da inda-inda ba?

Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana. Duk hukumar da ke riƙe da makarantun firamare, ma'aunin farko na ci gabanta a shekara shi ne yawan yaran da suka iya karatu da ƙidaya. Dole kuma a faɗi burin da lamba tun farkon shekara, wani na waje ya auna a ƙarshenta, a bayyana sakamakon ko da ba daɗi. Domin ka ga cewa wannan ba mafarki ba ne, bari in kai ka wani gari da ya gwada.

Sunan garin Sobral, yana jihar Ceara a arewa maso gabashin Birazil. Yanki ne mai zafi da ƙarancin ruwan sama, kuma yana cikin sassan ƙasar da talauci ya fi yi wa katutu. Mutanen garin ba su wuce dubu 200 da ɗoriya ba. A Birazil ƙananan hukumomi ne ke gudanar da akasarin makarantun firamare, don haka shugaban ƙaramar hukuma da sakataren iliminsa su ne wuƙa da nama.

A shekarar 1997 wani ɗan siyasa mai suna Cid Gomes ya zama shugaban ƙaramar hukumar Sobral. A zangonsa na farko ya yi irin aikin da ake ɗauka a hoto: an gina makarantu, an gyara tsofaffi, yara sun ƙaru a rajista. Da a zamanin Facebook ne, da magoya bayansa sun hana kowa sakat. To amma a tsakanin 2000 da 2001 sai hukumar ta yi abin da masu mulki ba su cika so ba, ta sa aka gwada yaran ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon ya girgiza kowa: kusan rabin yaran aji biyu ba su iya karatu ba. Gini ya yi kyau, yara na zuwa, malamai na shiga aji, amma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

A nan ne labarin ya sha bamban da wanda ka saba ji. Ba su binne sakamakon a durowa ba, ba su kuma ce 'yan adawa ne suka shirya shi ba. Sun fito da shi fili, suka rubuta burika 'yan kaɗan waɗanda ko mai sayar da shayi zai gane. Na farko, duk yaro ɗan shekara 6 da 7 ya iya karatu. Na biyu, yaran manyan azuzuwa da aka yi ta turawa gaba ba su iya ba, a dawo a koya musu. Sannan yawan masu barin makaranta ya sauka ƙasa da kashi 5 cikin 100. Duba da kyau, babu wani dogon zance irin "inganta harkar ilimi" ko "farfaɗo da martabar makarantu". Kowane buri ana iya ƙirga shi, ana iya cewa an kai ko ba a kai ba.

Sai kuma aiki. Sun daina naɗa hedimasta saboda ɗan gidan wane ne ko don ya yi wa jam'iyya wahala. Mai so ya zauna jarrabawa, a tantance shi, wanda ya cancanta ya hau. Sun haɗe ƙananan makarantun ƙauye da malami ɗaya ke fama da aji uku a ɗaki guda. Sun fara karɓar yara tun suna shekara 6, tun kafin dokar ƙasa ta wajabta hakan a 2006. Malaman da ke koyar da karatu a ƙananan azuzuwa ana ba su horo kowane wata, da tsararrun kayan aiki, da ƙarin kuɗi a kan albashi. Ana tura wa makaranta kuɗin ƙananan buƙatunta kai tsaye, ba sai hedimasta ya yi ta sintiri a sakatariya ba. Yaron da bai zo makaranta ba, ana bin sawunsa har gida. Sannan sau biyu a shekara masu gwaji daga waje, waɗanda ba malaman makarantar ba, suna zuwa su saurari kowane yaro yana karatu da bakinsa.

Me ya biyo baya? Birazil tana da wani ma'auni na ƙasa da ake kira IDEB, wanda ke haɗa makin jarrabawar harshe da lissafi da yawan yaran da ke wucewa aji na gaba, a ba da maki daga 0 zuwa 10, duk bayan shekara biyu. A 2005 Sobral ta samu 4.0 a ƙananan azuzuwan firamare, tana matsayi na 1,366. A 2015 ta samu 8.8, ta zama ta ɗaya a ƙasar da ke da ƙananan hukumomi 5,570. A 2017 ta kai 9.1. Garin talakawa a busasshiyar ƙasa ya wuce manyan birane masu arziki irin su Sao Paulo. Ka lura kuma da tsawon lokacin: daga gwajin farko zuwa matsayi na ɗaya kusan shekara 15 ne. Shugabanni sun sauya a tsakani, amma burin bai sauya ba.

Da Cid Gomes ya zama gwamnan Ceara a 2007, sai aka faɗaɗa tsarin zuwa ƙananan hukumomi 184 na jihar. Izolda Cela, wadda ta yi aikin tun a Sobral, ita ta riƙe ma'aikatar ilimi ta jihar, daga baya ma ta zama gwamna a 2022. Sun kuma yi wata dabara da ya kamata ka riƙe a ranka: daga cikin kason harajin da jiha ke raba wa ƙananan hukumomi, kashi 18 cikin 100 aka ɗaura shi a kan sakamakon karatun yara. Wato shugaban ƙaramar hukumar da yaransa suka ƙara iya karatu, asusunsa zai ƙara nauyi. Lissafin ma yana duba yawan yaran da suka zauna gwajin da halin waɗanda suka fi rauni, don kada wani ya ɓoye marasa ƙoƙari a gida ranar jarrabawa. A 2020 Birazil ta gyara tsarin mulkinta ta yadda kowace jiha sai ta ɗaura wani kaso na wannan kuɗi a kan sakamakon ilimi.

Yanzu kada ka yi saurin cewa shi ke nan, a kafa lamba kawai a matsa wa malamai. Lamba ma tana da nata haɗarin, kuma birnin Atlanta na jihar Jojiya a Amurka ya ɗanɗana. A 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a wata dokar ilimi da ta wajabta wa makarantun gwamnati nuna ci gaba kowace shekara a jarrabawa, da burin kowane yaro ya kai matakin ƙwarewa zuwa 2014. Makarantar da ta yi ta gazawa tana fuskantar hukunci. A Atlanta, shugabar hukumar makarantun birnin, Beverly Hall, ta ɗora nata burikan a kai. Wanda ya kai ya samu lada, wanda ya kasa kujerarsa na rawa. Maki ya yi ta hawa kamar farashin kaya a azumi, har aka ba ta lambar gwarzuwar shugabar makarantu ta ƙasa a 2009.

Sai 'yan jarida suka fara cewa wannan hawa ya yi yawa. Da aka duba takardun jarrabawar 2009, sai aka ga an goge amsoshin da ba daidai ba an mayar da su daidai, da yawan da hankali ba zai ɗauka ba. Rahoton binciken gwamnatin jiha na 2011 ya ce an yi maguɗi a makarantu 44, ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178. A 2015 kotu ta samu 11 da laifi. Ita Beverly Hall ta musanta zargin, kuma ta rasu a wannan shekara kafin a yi mata shari'a. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Amma ka san wa ya fi kowa asara? Yaran da takarda ta ce sun iya alhali ba su iya ba. Taimakon da ya kamata su samu ya wuce su, domin a rubuce ba su da matsala.

To me ya raba garuruwan biyu, tunda duka sun kafa buri da lamba? A Atlanta takardun suna kwana a hannun mutanen da aikinsu ya dogara da sakamakon, kuma tsoro ne ke tuƙa motar. A Sobral an sa gwajin ya zama kamar awon asibiti: a gano yaron da ke baya tun da wuri, a gano malamin da ke buƙatar taimako, a kai masa. Ko a can ɗin akwai masu sukar cewa an cika mayar da hankali kan jarrabawa, kuma suka ce da ya kamata a saurara. Darasin dai shi ne, buri ba tare da awo ba tatsuniya ce, awo kuma ba tare da gaskiya da tallafi ba yana haifar da maƙaryata.

Ina jin ka kana cewa, "To malam, wannan ai Birazil ce da Amurka, mu ina ruwanmu?" Ruwanmu a ciki har wuya. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu, yara 7 cikin 10 'yan shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta. A Afirka kudu da Sahara kuwa kusan 9 cikin 10 ne. Ba sai an kawo maka rahoto ba ma. Ka san ɗan aji shida a layinku da ba zai iya karanta sunan maganin da aka rubuta wa mahaifiyarsa ba. Yana da yunifom, yana da jaka, sunansa na cikin rajista, kuma yana cikin lambar da aka yi taƙama da ita a hoton nan da ka danna wa alamar so.

Kuma tsarin da za a tambaya yana nan, ba sai an ƙirƙiro ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9, shida a firamare da uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole. Ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya don wannan aiki, ta hannun hukumar UBEC. Jiha sai ta ajiye nata kason kafin ta karɓi tallafin, kuma UBEC ta sha kokawa cewa biliyoyin naira na kwance jihohi ba su zo sun ɗauka ba. A jiha akwai SUBEB. A kowace ƙaramar hukuma akwai hukumar ilimi, LGEA, da sakataren ilimi a kanta. A makaranta kuma akwai kwamitin SBMC, inda iyaye da masu unguwa da mata da tsofaffin ɗalibai ke da kujera. Tambaya gare ka: ka san sunan sakataren ilimin ƙaramar hukumarku? Da yawanmu mun san 'yan wasa goma sha ɗaya na Arsenal har da na benci, amma wannan mutumin da makomar ƙannenmu ke kan teburinsa ba mu taɓa jin sunansa ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Gini yana da muhimmanci. Yaron da ke zaune a ƙasa, rufi na yoyo, su sama da ɗari a aji guda, ba a yi masa adalci ba. Malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, ko wanda ke koyarwa a garin da ake kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, ba za ka zo masa da maganar maki kawai ba. Sobral ɗin ma da gini ta fara. Abin da nake cewa shi ne aji da benci da alli hanya ce, karatun yaro shi ne masauki. Wanda ya nuna maka hoton mota ya ce ya isa Kano, ai sai ka tambaye shi ina tsarabar Kurmi. Kuma ka san dalilin da ya sa aka fi son nuna gini: yana da kwangila, yana da ranar buɗewa, yana shiga kyamara. Yaron da ya koyi haɗa baƙi da wasali ba shi da allon sanarwa.

Saboda haka idan an sake ɗora irin wannan hoto, kafin ka yi tafi ko ka yi zagi, ga tambayoyin da za ka ajiye a wurin sharhi, cikin ladabi, ba tare da cin mutuncin kowa ba. Mene ne burin bana a rubuce, kuma yaushe aka sanar da shi? Daga ina aka tashi, wato bara yara nawa cikin 100 suka iya karatu a aji biyu ko uku? Wa ya auna, hukumar da kanta ko wani na waje? An gwada duka yaran, har da na rugage da ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina? Yaya sakamakon 'yan mata yake idan an ware shi daban? Wane buri ne ba a kai ba, kuma me za a sauya baɗi? Wannan ta ƙarshen ita ce zakaran gwajin dafi. Duk rahoton shekara da ya ce an cimma komai ɗari bisa ɗari, ka sa masa ayar tambaya. Hukumar da ke aiki da gaske tana da inda ta gaza, kuma ba ta jin kunyar faɗa.

Idan an ce maka babu alƙaluman, wannan ma amsa ce, kuma a nan naka aikin ya fara. A Indiya, wata ƙungiya mai suna Pratham ta fara wani gwaji a 2005 da ake kira ASER. 'Yan sa-kai ne, yawancinsu matasa irinka, ke bi gida-gida a karkara da takarda ɗaya: haruffa, sai kalmomi, sai ɗan sakin layi, sai gajeren labari na matakin aji biyu. Shekara da shekaru suna gano cewa kusan rabin 'yan aji biyar ba sa iya karanta labarin aji biyu. Wannan takarda ɗaya ta tilasta wa ƙasa mai mutane sama da biliyan ɗaya ta koma maganar koyo, bayan an daɗe ana murnar yawan rajista.

Me zai hana ƙungiyar matasan unguwarku, ko zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban firamarenku, yin irin wannan? Ku nemi izinin iyaye da mai unguwa, ku sanar da hedimasta. Ku rubuta takardar da Hausa, harshen da yaron ke ji. Ku gwada yara 50 ko 100, ku rubuta matakin da kowa ya tsaya. Ku kai sakamakon taron SBMC, ku aika kwafi ofishin sakataren ilimi, ku ce muna so a sa buri: zuwa ƙarshen zango na uku, yara kaza su tashi daga haruffa zuwa labari. Bayan wata shida ku sake gwadawa. Waɗanda ke da lokaci a cikinku su ɗauki yara goma-goma da yamma, a raba su bisa abin da suka iya, ba bisa ajin da suke ba.

Sai dai ga gargaɗi, kuma da gaske nake. Kada ka ɗauki bidiyon yaro yana kame-kame a kan takarda ka ɗora a TikTok don a yi dariya ko don ka ƙona ran wani ɗan siyasa. Wannan yaron ba shi ya gaza ba, mu muka gaza masa, kuma intanet ba ta mantuwa. Kada kuma ka mayar da malamin aji abin nuni. Ka wallafa lamba, ka ɓoye fuska da suna. Idan ka shiga makaranta da niyyar tona asiri, ƙofa za a rufe maka, kuma ka tuna abin da tsoro ya jawo a Atlanta. Idan ka shiga da niyyar a gyara tare, za ka yi mamakin yawan malaman da suka daɗe suna jiran wanda zai tambaye su abin da suke buƙata. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan 'yan aji biyu? E, a kansu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya wuce aji uku bai iya karatu ba, duk darasin da ke gaba, kimiyya ne ko tarihi ko lissafi, zai zame masa kamar ana magana a bayan bango. Shi ne zai gaji ya daina zuwa, ko a yi ta tura shi har ranar da zai nemi satar amsa a jarrabawar gama sakandare. A lokacin kuma sai mu hau soshiyal midiya muna cewa ilimi ya lalace, alhali ɓarnar ta faru shekara goma baya, a wani aji mai sabon fenti da muka yi wa tafi.

Kana da waya, kana da data, kana da mabiya ko da ɗari biyu ne. Masu mulki suna karanta abin da matasa ke rubutawa fiye da yadda kake zato, shi ya sa suke ɗaukar masu kare su a can. Abin da muka saba yi wa tafi shi za su ci gaba da kawo mana. Idan fenti muke yabo, fenti za mu samu. Idan kuwa a ƙarƙashin kowane hoto mutum ɗari suka rubuta tambaya guda, "yara nawa suka iya karatu bana?", wata rana dole wani ya je ya ƙirga. Sabuwar shekarar karatu na farawa ne a watan Satumba. Kafin lokacin, ka nemo sunan sakataren ilimin ƙaramar hukumarku, ka tambaye shi burinsa na bana, ka ajiye amsar a wayarka, sannan ka koma masa da ita a watan Yuli.